Judah Folkman da tunanin kashe ciwon daji da yunwa

Galibin ƙwayoyin halittar da ke jikin mutum ba sa iya rayuwa nesa da jini. Iskar oksijin da abinci suna fita daga siraran jijiyoyi su ratsa cikin nama, amma ratsawar ba ta da nisa, da ƙyar take wuce kashi 1 cikin 5 na milimita. Ƙwayar da ta yi nesa fiye da haka sai ta shaƙe ta mutu. Wannan doka ba ta ware ƙwayoyin ciwon daji ba. Duk saurin hayayyafarsu, idan dunƙulensu ya kai milimita 1 zuwa 2, wato misalin ƙwayar gero, na tsakiya sun fara rasa iska. Daga nan ƙarin ba zai ci gaba da girma ba sai ya samu jinin kansa. A kan wannan magana wani likitan tiyata ɗan Amurka, Judah Folkman, ya ƙarar da rayuwarsa ta bincike, kuma ana iya cewa shi ya mayar da ita fannin ilimi mai zaman kansa.

An haifi Folkman a Cleveland ta jihar Ohio a 1933. Mahaifinsa malamin addinin Yahudawa ne. Ya yi karatu a Jami'ar Jihar Ohio, ya kammala likitanci a Harvard a 1957. A 1960 aka ɗauke shi aikin sojan ruwa, aka tura shi cibiyar lafiyar rundunar da ke Bethesda, inda shi da wani abokin aikinsa, Frederick Becker, suke neman abin da zai iya maye gurbin jini a jiragen ruwan yaƙi masu daɗewa a teku. Don su gwada ruwan da suka haɗa, sai suka riƙa cire halittar maƙogwaro ta dabba, wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo, su sa ta a kwalba suna zagaya ruwan a cikinta don ta ci gaba da rayuwa. Sannan suka dasa mata ƙwayoyin sankarar fata na ɓera. Ƙwayoyin suka yi ta ƙaruwa, suka zama ƴan baƙaƙen ɗigo, suka tsaya cak, dukansu kusan girma ɗaya. Ba mutuwa suka yi ba, domin da aka mayar da su jikin ɓera mai rai sai suka kumbura suka kashe shi. Da aka duba da madubin likita, bambancin ya fito fili: na jikin ɓera cike suke da sabbin jijiyoyin jini, na kwalba ba su da ko ɗaya.

A wannan zaman na Bethesda ne kuma shi da David Long suka lura cewa robar silikon tana iya riƙe magani ta riƙa sakinsa a hankali na dogon lokaci. Wannan ne tushen maganin tazarar haihuwa na Norplant, irin wanda matanmu ke kira ashanar fata. Da yawa daga masu amfani da ita ba su taɓa jin sunan Folkman ba.

Ya koma Boston, a 1967 ya zama shugaban likitocin tiyata na Asibitin Yara yana ɗan shekara 34. A 1971 ya fitar da ra'ayinsa a mujallar New England Journal of Medicine. Ya ce ƙari ba zai wuce ɗan mitsitsi ba sai da sabbin jijiyoyi, kuma shi ƙarin ne da kansa yake fitar da wani sinadari da ke kiran jijiyoyin su tsiro su nufo shi. Sai ya ɗora da maganar da ta fi kowace nauyi: idan aka toshe wannan kira, ana iya riƙe ƙarin yana barci, mutum ya rayu da shi ba tare da ya cutar da shi ba. Tsirowar sabbin jijiyoyi ita ce masana ke kira anjiyojenesis.

Masana sun yi masa kallon hadarin kaji, kuma ya kamata a fahimci dalilinsu, don ba ƙiyayya ce kawai ba. A ƙarshen shekarar ce shugaban Amurka Nixon ya sa hannu kan dokar yaƙi da ciwon daji, hankalin kowa kuma yana kan ƙwayar sankarar kanta: me ya haukata ta, ƙwayar cuta ce ko gurɓacewar gado, wace guba ce za ta kashe ta. Tun kafin Folkman wasu sun lura cewa ƙari yana da yawan jijiyoyi, har Glenn Algire ya yi rubutu a kai a 1945, amma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne kumburi ne ke jawo su, irin wanda jiki ke yi a kusa da mataccen nama. Ga shi kuma Folkman ba shi da sinadarin a hannu. Ya ba shi suna, bai iya tace shi ba. A kimiyya wannan babban rauni ne, kuma masu sukarsa suna da haƙƙin su nemi hujja. Abin da yake da shi wanda yawancinsu ba su da shi shi ne idon mai fiɗa. Shi yana ganin ƙari a jikin mai rai, ja wur, da zafi, yana zubar da jini da an taɓa shi. Masu nazarin nama kuwa sai an yanko an jiƙa a sinadari yake iso musu, fari fat, jinin ya riga ya tsiyaye.

A ganina, aikinsa mafi daraja shi ne na shekara goma da suka biyo baya, kodayake ba shi jaridu suka fi yayatawa ba. Babu hanyar auna tsirowar jijiya a lokacin, don haka sai da ɗakin gwajinsa ya ƙirƙiro hanyoyin tukuna. Michael Gimbrone ya yi amfani da idon zomo. Tantanin gaban ido garai yake, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa haske ke wucewa. Idan aka tsaga shi kaɗan aka cusa ɗan guntun ƙari, sai ya zauna siriri, fari, ba ya wani girma. Bayan ƴan kwanaki sai a ga jajayen zare suna fitowa daga gefen ido, kullum suna ƙara tsawo, kuma ba ko'ina suke bi ba, wajen ƙarin suke nufa. Ranar da suka taɓa shi, sai ya yi ja ya fara kumbura da sauri. Wanda ya ga wannan da idonsa zai yi wuya ya ci gaba da cewa jijiyoyin haɗari ne kawai. Sun kuma yi amfani da tantanin ƙwan kaza mai ɗan tsako, inda ake ganin jijiyoyi suna taruwa ko suna janyewa. A 1979 suka yi nasarar rainon ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bangon siraran jijiyoyi a faranti, abin da ake ganin ba zai yiwu ba. Wani matashin injiniya, Robert Langer, ya zo a 1974 ya ƙera robobin da ke sakin manyan furotin a hankali, don a iya ajiye sinadari a ido ya yi makonni yana aiki. Wannan aikin gefe shi ma ya zama babban fanni daga baya.

Kuɗin gudanar da wannan duka ya zo da nasa surutun. A 1974 kamfanin Monsanto ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 23 da Harvard don tallafa wa aikin Folkman da Bert Vallee, a zamanin da jami'o'i ke ganin kuɗin kamfani abin kunya ne. A 1981 Folkman ya ajiye shugabancin tiyata ya rungumi bincike gaba ɗaya.

Sinadarin da ya yi hasashe ya fara bayyana a 1984, lokacin da Yuen Shing da Michael Klagsbrun suka tace wani furotin daga ƙari wanda ke sa jijiya tsirowa. Amma wanda ya fi muhimmanci ba daga ɗakinsa ya fito ba. A 1983 Harold Dvorak da abokansa sun gano wani furotin da ke sa jijiyoyin ƙari yoyo, a 1989 kuma Napoleone Ferrara na kamfanin Genentech ya ware furotin da ke sa ƙwayoyin bangon jijiya hayayyafa, ya kira shi VEGF. Ashe abu ɗaya ne. Daga baya aka fahimci sarƙar: idan ƙwaya ta rasa iska, wani furotin mai suna HIF yana taruwa a cikinta ya kunna umarnin ƙera VEGF, VEGF ya fita ya kama jikin jijiya mafi kusa, ita kuma ta fitar da reshe ta nufi inda kiran ya fi ƙarfi. Wannan tsari ne da jiki ke amfani da shi wajen warkar da rauni, da gina mahaifa kowane wata, da rainon ɗan tayi. Ƙari sace shi yake yi. Waɗanda suka warware yadda ƙwaya ke jin ƙarancin iska, wato Gregg Semenza da Peter Ratcliffe da William Kaelin, su suka samu kyautar Nobel a 2019.

Tun farko kuma ana neman abin da zai hana. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, don haka Henry Brem da Langer suka nemi mahanin a cikinsa, suka kuwa same shi a tsakiyar shekarun 1970. Abin takaici, ƴan kasuwa sun ɗauki wannan suka yi ta sayar wa marasa lafiya garin guringuntsin kifin shak da sunan maganin daji. Da aka gwada shi a kan mutane bai tsinana komai ba, kuma Folkman bai taɓa cewa a sha shi ba. Wani mahanin kuwa tsautsayi ne ya kawo shi: fumfuna ta faɗa cikin farantin Donald Ingber, sai ya lura ƙwayoyin jijiya da ke kusa da ita sun daina girma, bai zubar da farantin ba. A 1994 Robert D'Amato ya yi tambaya mai kaifi: wane magani ne aka sani yana lalata halittar ɗan tayi ba tare da ya cutar da uwa sosai ba? Amsar ita ce talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da guntayen hannuwa da ƙafafu a wajajen 1960. Ya nuna yana hana tsirowar jijiya. Wannan ne ya sa aka gwada shi a kan sankarar ɓargo a Arkansas, ya yi aiki, aka amince da shi a 2006, kodayake daga baya an gano cewa yawancin ƙarfinsa a wannan cuta ta wata hanyar yake bi.

Akwai wani abu da likitocin tiyata suka daɗe suna gani yana damunsu: wani lokaci idan aka cire babban ƙari, sai ƙananan da suka bazu a jiki su farka su girma. Folkman ya yi zaton babban ƙarin yana fitar da mai kira da mai hani a tare, mai kiran yana aiki a kusa, mai hanin yana daɗewa a jini ya danne na nesa. Michael O'Reilly ya bi wannan zato, yana tara fitsarin ɓeraye masu ƙari yana tacewa, har ya fitar da wani mai hani, anjiyostatin, a 1994, sannan ya gano wani, endostatin, a 1997. A jikin ɓeraye, endostatin ya mayar da manyan ƙari ƴan mitsitsi. Daga nan ne tunanin da Folkman da Douglas Hanahan suka bayyana a 1996 ya samu gindin zama: jiki yana riƙe da ma'auni tsakanin masu kira da masu hani, kuma ƙari ba ya zama barazana sai ranar da ma'aunin ya rinjaya. Binciken gawarwakin mutanen da wani abu dabam ya kashe ya nuna cewa da yawa suna ɗauke da ƴan ƙananan sankara a maƙogwaro ko mama ko mafitsara ta maza, ba tare da sun taɓa yin ciwo ba.

Ranar 3 ga Mayu 1998 jaridar New York Times ta buga labarin ɓerayen a shafin farko, ta kuma ambato James Watson, mai kyautar Nobel, yana cewa Folkman zai warkar da ciwon daji cikin shekara biyu. Watson ya ce ba haka yake tuna maganarsa ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hannun jarin EntreMed, ƙaramin kamfanin da ke da haƙƙin magungunan, ya ninka sau da yawa a rana guda. Marasa lafiya suka yi ta buga waya suna roƙo, alhali ba a taɓa ba ɗan Adam ko ɗaya maganin ba. Shi Folkman abin da ya ce shi ne, idan kana da ciwon daji kuma kai ɓera ne, za su iya kula da kai sosai. Bayan ƴan watanni aka ji cewa masanan Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa sun kasa maimaita sakamakon, sai da suka je Boston suka yi gwajin a can. Da aka kai ga mutane, endostatin bai cutar ba, bai kuma yi abin da ya yi wa ɓeraye ba. Ƙasar Sin ce ta amince da wani nau'insa a 2005 don sankarar huhu.

Nasarar ta zo ta hannun Ferrara. Ƙungiyarsa ta ƙera sinadarin garkuwa da ke kama VEGF ya hana shi isa ga jijiya, shi ne bebasizumab, wanda ake sayarwa da sunan Avastin. A gwajin masu sankarar babban hanji da ta bazu, waɗanda aka haɗa musu shi da kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin sankara, sun rayu tsaka-tsakin wata 20.3, waɗanda aka ba kemo kaɗai wata 15.6. A Fabrairun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Shekara 33 ke nan bayan rubutun 1971. Folkman ya ga wannan da ransa. Ya rasu ranar 14 ga Janairu 2008 a filin jirgin saman Denver, yana hanyarsa ta zuwa taro a Kanada.

To amma wata biyar ba warkewa ba ce, kuma a nan gizo ke saƙar. Fatan da aka ɗora a kan wannan hanya yana da hujja mai kyau. Ƙwayar sankara tana yawan sauya kamanni, shi ya sa take kuɓuce wa kemo, amma ƙwayar bangon jijiya lafiyayyiya ce, ba a zaci za ta koyi bijirewa ba. Abin da ba a lissafa da kyau ba shi ne cewa ƙarin ne ke kira, kuma yana da murya fiye da ɗaya. Idan aka toshe VEGF, sai ya ƙara fitar da wasu furotin masu aiki iri ɗaya. Wasu ƙari kuma, musamman a huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, ba sa ma jiran sabuwar jijiya, nannaɗe tsofaffin da suka tarar suke yi su sha daga gare su. Gwaje-gwajen ɓeraye da aka buga a 2009 sun nuna abin da ya fi tayar da hankali: ƙarin da aka shaƙe yana iya ƙara zafin kutsawa cikin naman da ke kewaye. Su ma ɓerayen gwaji sun yaudari masana, domin ƙarin da aka dasa a ƙarƙashin fata ya girma cikin makonni ya fi dogara da sabbin jijiyoyi fiye da wanda ya yi shekaru yana ginuwa a jikin mutum. Magungunan kuma ba su zo babu illa ba: hawan jini, zubar jini, jinkirin warkewar rauni, wani lokaci hujewar hanji. A 2011 hukumar Amurka ta janye amincewarta da Avastin a sankarar mama, don bai tsawaita rai ba.

Rakesh Jain na Harvard ya kawo bayanin da ya juya maganar a 2001. Jijiyoyin ƙari karkatattu ne, masu yoyo, jini ba ya gudana daidai a cikinsu, ruwa yana taruwa ya hana magani shiga. Idan aka rage VEGF daidai gwargwado, sai marasa kyaun su bushe, sauran su gyaru na ɗan lokaci, kemo ya samu hanyar isa. Wato maganin da aka ƙera don ya yanke wa ƙari jini, wani ɓangare na amfaninsa gyara masa jinin ne. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Avastin shi kaɗai ba ya yin abin kirki a yawancin sankara sai an haɗa shi da wani. Inda toshe VEGF ya fi tasiri shi kaɗai shi ne sankarar ƙoda, domin a can wata gurɓacewar gado tana barin HIF a kunne kullum, kuma magungunan sha irin su sunitinib da sorafenib sun sauya yadda ake jinyarta tun daga 2005 da 2006.

Ni dai ina ganin zalunci ne a auna Folkman da alkawarin da wani ya yi a madadinsa. Ya yi gaskiya a kan yadda ƙari ke rayuwa, har ta kai a 2000 Hanahan da Robert Weinberg suka sa tsirar da jijiya cikin siffofi 6 da ke bayyana ciwon daji. Ya zarce a kan sauƙin da cin galabar zai yi, kuma magungunan da suka fito daga ɗakinsa ba su ne suka yi nasara ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma kafin shi ana kallon sankara a matsayin ƙwaya mai hauka ita kaɗai, bayan shi aka fara tambayar me jijiya da garkuwar jiki da naman kewaye suke yi mata.

Inda aikin ya fi amfanar mutane kuwa ido ne. A wani ciwon idon tsufa, da kuma lalacewar ido ta masu ciwon suga, tantanin bayan ido ne ke rasa iska ya fitar da VEGF, jijiyoyi masu yoyo su tsiro su ɓata gani. Likitocin ido na Boston, Joan Miller da Anthony Adamis, tare da ɗakin Folkman, suka nuna haka a idon birai a tsakiyar shekarun 1990. A nan babu ƙwaya mai sauya kamanni da za ta nemi wata hanya. Da aka gwada allurar Lucentis, mai toshe VEGF, a cikin ido, fiye da mutum 9 cikin 10 ganinsu ya tsaya bai ci gaba da lalacewa sosai ba, kusan 1 cikin 3 ma ya ƙaru, a cutar da a da sai dai a jira makanta. An amince da ita a 2006, amma a lokacin allura ɗaya tana kai wa dala 2,000. Wani likita a Miami, Philip Rosenfeld, ya riga ya nuna cewa ɗan ɗigon Avastin, na wajen dala 50 a lokacin, yana yin aikin, babban gwajin da aka buga a 2011 kuma ya tabbatar da cewa sakamakonsu kusan ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bebasizumab cikin jerin muhimman magunguna saboda ido. Ga ƙasashe irin namu da ciwon suga ke ƙaruwa, wannan bambancin farashi shi ke raba wanda zai ci gaba da gani da wanda ba zai ci gaba ba.

A ɓangaren daji, aikin yanzu ya koma haɗa masu toshe VEGF da magungunan da ke farkar da garkuwar jiki, domin an gano VEGF yana hana sojojin jini shiga ƙari. A 2020 haɗin atezolizumab da bebasizumab ya fi sorafenib tsawaita ran masu sankarar hanta da ba ta fiɗuwa, cutar da ke cin mutane da yawa a Afirka ta Yamma saboda ciwon hanta nau'in B. Tsadarsa ta fi ƙarfin galibin masu buƙatarsa a nan, kuma har yau likita ba shi da wani gwajin jini ko na nama da aka amince da shi wanda zai gaya masa tun kafin a fara wane majiyyaci ne toshe jijiya zai amfana.